Ƙarkon Gini Yana Inda Ido Ba Ya Kaiwa

Lacca ga magina, kafintoci, masu walda da masu gidaje na Kankiya da Kusada



   Shugaban wannan zama, dattawan sana'a, iyayenmu mata, da ƙannena masu koyon aiki, barkanku da zuwa. Na ga fuskoki daga Rimaye da Tafashiya, na ga na Yashe da Mawashi. Mai sana'ar hannu in ya ajiye cokali ko guduma na yini guda, abincin gidansa ya taɓa, don haka Allah Ya saka muku da alheri.

An nemi in yi magana a kan allon jifsin da ake yin silin da bangon ciki da shi, da ƙarfen da ake ɗaura rufi da shi, da kuma yadda gini zai yi ƙarko. Zan fara da wani abu da na gani da idona.

Shekarun baya, a farkon damina, aka kira ni in duba wani gida da bai cika shekara biyu da tarewa ba. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, iska ta riga ruwa isowa, ta ɗage rufin falon gaba ɗaya kamar an ɗauke faifai daga bakin ƙwarya, ta kifa shi a bayan katanga. Silin fi'ofi mai hawa uku ya sha ruwa ya zube a kan kujeru. Allah Ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Na sa tsani na hau kan bango. Abin da ke riƙe da rufin nan 'yar waya ce siririya da aka naɗa a bulon ƙarshe, nan ɗaya can ɗaya, bulon kuwa da yatsa na marmashe gefensa. Maigidan yana tsaye a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da ni: "Injiniya, wallahi ban yi wa gidan nan rowa ba." Gaskiya ya faɗa. Tayil ɗinsa mai tsada ne, ƙofofinsa ma haka. Kuɗin duk sun tafi inda baƙo zai gani. Abin da za a kashe a ɗaure rufin nan yadda ya kamata bai kai kuɗin fitilun falon ba.

Maganata ta yau ke nan, guda ɗaya. Abin da ke riƙe gini shi ne abin da ake rufewa: harsashin da ƙasa ta binne, rodin da kankare ya haɗiye, ɗaurin da silin ya ɓoye, gaɓar da fenti ya shafe. In waɗannan sun yi kyau, gida zai ga jikoki.

Abin da magabata suka sani

Mu Katsinawa ba baƙin gini mai ƙarko ba ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye a birnin Katsina ɗaruruwan shekaru, da ƙasa aka gina ta. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, ginin ƙasa ce, yau ita ce gidan tarihi. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a a shekarun 1830, har yau masana gini daga ƙasashen duniya suna zuwa kallon ɗaurin bakansa. A Yama da ke jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962, masallacin da ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Me suka riƙe? Sun san halin kayan aikinsu. Ina yaro na sha zama ina kallon wani tsohon magini a unguwarmu. Ba ya gini da ƙasar da aka kwaɓa yau. Sai an jiƙa ta, an zuba ramno, an tattake, an bar ta ta kwana ta kwana har ta ruɓa ta yi danƙo. Tubali sai ya bushe ƙarau. Bango yakan faro shi da faɗi a gindi, yana hawa yana tsukewa. In ya yi 'yan jeri sai ya sauka, ya ce bango ma yana son ya huta. Azara ta giginya yake nema, wadda ta ƙosa, domin gara ba ta cika samun sa'arta ba, kuma ba ya barin ta ta yi dogon zango babu tallafi. Sama kuwa makuba ce daga ɓawon ɗorawa, ko laso na katsin marina, sannan indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida da 'ya'yansa sai sun hau soro sun yi yaɓe.

Wato tsohon nan ya san abokin gabar ƙasa shi ne ruwa, duk dabararsa a kan raba su take. To, kowane kayan gini yana da nasa abokin gabar. Katako, gara. Ƙarfe, tsatsa. Allon jifsin, danshi. Siminti kuwa ƙishirwa ce ke kashe shi. Kayan zamani sun zo mana a bayan tirela daga Kano da Legas, amma sanin halinsu bai biyo su a mota ɗaya ba. Wannan sanin muka zo nema yau.

Daga ƙasa ake farawa

Bahaushe ya ce tun ran gini tun ran zane. Kafin a haƙa harsashi, a dubi inda ruwa ke bi. A tambayi tsofaffin unguwa ko filin ya taɓa zama kududdufi ko hanyar rafi, domin ruwa ba ya mance hanyarsa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40 cikin dare ɗaya, ta isa ta zama izina ga duk ɗan jihar nan. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, kada a tsaya a kan cikon bola. Daɓen ɗaki ya ɗara tsakar gida tudu, tsakar gida ta ɗara titi. Kafin a zuba kankaren difisi, wato na ƙasan daɓe, a shimfiɗa leda mai kauri, a sa maganin gara. Duk bangon da kuka ga fentinsa yana kumbura yana zubar da farin gari daga ƙasa zuwa gwiwa, danshi ne ke hawa ta cikinsa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ko sau goma aka sake fenti, sai ya dawo.

Sai bulo. Na san siminti ya yi tsada. A farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Amma buhu mai kilo 50 yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. Shawarata, kada ya wuce bulo 25 zuwa 30 mai inci 9. Na sha ganin inda ake fitar da 50. Ka ɗaga bulo zuwa ƙirjinka ka sake shi a kan ƙasa mai tauri. In ya watse kamar ƙuli-ƙuli, ka bar shi a inda ka gan shi.

Ku riƙe wannan da kyau: siminti ba bushewa ke sa shi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulla jikinsa a hankali. A zafin Afrilu da rana ke kai digiri 40, ko a hunturu da iska ke tsotse danshi, kankaren da aka zuba da safe zai iya ƙonewa kafin azahar. A ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. Wanda ya ƙi sayen tankin ruwa ɗaya, ya zubar da rabin amfanin simintin da ya saya.

Rodi kuma a auna shi a sikeli. Sanda ɗaya mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12, nauyinta kusan kilo 10.7 ne, mai 16 kusan kilo 19. Tan ɗaya na mai 12 sanda 93 ne ko 94. In aka ƙirga maka 110 a tan, kada ka yi murnar gyara, ramammen rodi aka ba ka. Sannan a ɗaga shi daga jikin katakon zubi, kankare ya lulluɓe shi ta kowane gefe da aƙalla milimita 25. Rodin da ya leƙo waje zai yi tsatsa, tsatsa tana kumbura, ita ke fasa ginshiƙi daga ciki.

Ƙarfe: ƙashin rufi da bango

Ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Maƙeranmu sun san shi tun kafin zuwan bature. A farkon shekarun 1980 aka buɗe masana'antar mulmula ƙarfe a Katsina, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Dana, nan Kankiya ma sunanmu ya yi tafiya tare da masana'antar Kankia Metal Works. Abin da yake sabo shi ne ɗaura ƙwarangwal ɗin rufi da na bangon ciki da ƙarfe a madadin katako.

Dalilin komawar mutane gare shi a fili yake. Dattawan kafintoci da ke nan za su shaida cewa katakon da ake samu yanzu ba irin na da ba ne. Ana yanka shi bai ƙosa ba, ya iso ɗanye, ya bushe a kan gini ya murɗe, gara kuma ta same shi da sauƙi. Ƙarfe ba ya murɗewa don bushewa, gara ba ta cin sa, yana kuma tsallake faɗin da katako ba zai iya ba, shi ya sa ya dace da masallaci, aji, ɗakin taro da rumbun ajiya.

Iri biyu muke gani. Akwai baƙin ƙarfe, bututu ko mai kusurwa, wanda ake haɗawa da walda. Akwai kuma farin ƙarfe marar nauyi, wanda aka yi wa wanka da tutiya aka lanƙwasa shi a inji. Shi da sukuru ake haɗa shi. Kowanne da ladabinsa.

Baƙin ƙarfe sai an kankare tsatsarsa da burushin waya, an goge maiƙo, an shafa jan fentin maganin tsatsa tun yana ƙasa, kafin a ɗaga shi. Bayan walda a fasa ɓawon, a duba ko ta kama, a sake shafe wurin, domin daga bakin walda tsatsa ke kama hanya. 'Yan'uwana masu walda, ɗigo biyu da ake yi don a tsayar da ƙarfe ba walda ba ce. A zagaye gaɓa duka. Bakin bututu a toshe shi, kada ruwa ya kwanta a ciki. Farin ƙarfe kuwa rigarsa ita ce tutiyar nan. Wutar walda tana ƙone ta, hayaƙin kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. A yanka shi da almakashin ƙarfe, a haɗa da sukuru. Kauri ma a duba: na raba ɗaki da ba ya ɗaukar kaya yakan zama milimita 0.5 zuwa 0.6, kuma haramun ne a sana'a a ɗauki wannan a yi rufi da shi. Ma'aunin kauri ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. Duk wanda zai je sayayya, ko a nan ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da nasa, ya auna ƙarfe ya auna kwano.

Yanzu maganar iska. Da yawa muna zaton iska tura rufi take yi. A gaskiya tsotsarsa take yi sama, musamman a kusurwoyi da baki-baki, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga, sai ta haɗa da turowa daga ciki. Rufin ƙarfe marar nauyi ya fi kowanne bukatar ɗauri. Ku ɗauke shi kamar sarƙa: kwano ya kama sandunan kwance, su kama ƙwarangwal, ƙwarangwal ya kama ɗamarar kankare da ta zagaye kan bango duka, ɗamara ta kama ginshiƙai, ginshiƙai su kama harsashi. Ƙarfen ɗauri tun ranar zubin ɗamara ake dasa shi a cikin kankare. A gefe da kusurwa a ninka yawan sukuru. Duwatsu da bulon da muke ɗorawa a kan kwano a ƙauyukanmu shaida ce cewa sarƙar nan ta tsinke a wani wuri.

Masu yayin rufin ɓoye, wanda bango ke tasowa ya kare kwano, ku sani yana rage dukan iska, amma ya mayar da duk ruwan rufin cikin kwata ɗaya. Leda ɗaya ko sheƙar tsuntsu ta toshe ta, ruwa sai ciki. A faɗaɗa kwatar, a ƙara mata mafita, a share ta kafin damina, kamar yadda kakanninmu ke duba indararo.

Allon jifsin da kammala shi

Jifsin farin dutse ne mai laushi, farce ma yana karce shi. Akwai shi a ƙasar Sakkwato da Yobe da Gombe, kuma duk buhun simintin da kuka buɗe akwai ɗan kaɗan nasa a ciki, shi ke hana siminti saurin kamawa. Kusan kashi 21 cikin 100 na nauyin dutsen ruwa ne ɗaure a jikinsa. In aka gasa shi a wajen digiri 150, yawancin ruwan ya fita, sai ya zama garin da muke kira fi'ofi, sunan da ya samo daga birnin Paris inda aka daɗe ana haƙar dutsen. In aka mayar masa da ruwa, sai ya koma dutse. Allon jifsin wannan ƙullin ne aka zuba tsakanin takardu biyu masu ƙarfi. Wani Ba'amurke, Augustine Sackett, ya yi rajistar irinsa na farko a 1894, ya kuma bazu sosai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake bukatar gidaje da yawa cikin gaggawa.

Amfaninsa uku. Ba shi da nauyi: allo mai faɗin mita 1.2, tsawon mita 2.4 da kaurin milimita 12.5 bai wuce kilo 25 ba, bangon bulo mai filasta kuwa ya ninka bangon allo nauyi kusan sau 10. Don haka ya dace da raba ɗakuna a saman bene, ko shago, ofis da asibiti. Yana da sauri, ba a jiran filasta ta bushe. Na uku, yana jinkirta wuta, domin ruwan nan da ke jikinsa sai ya gama fita a matsayin tururi kafin zafi ya ƙetare. Ƙarfe in ya kai digiri 550 zuwa 600 yana rasa kusan rabin ƙarfinsa. Allo shi ne garkuwarsa, shi kuma ƙarfe shi ne ƙashin allo.

Amma in gaya muku inda bai dace ba. Ba a yin katanga ko bangon waje da shi. Ba a sa farin allo a banɗaki ko kicin; akwai kore mai jure danshi, shi ma jurewa yake yi, ba a jiƙa shi. A gidajenmu ana kwara ruwa a wanke daɓe, don haka a ɗaga allo daga ƙasa da milimita 10 aƙalla, in da hali a yi masa 'yar dakali ta siminti ya hau. Sannan gidan Bahaushe gidan sutura ne. Bangon allo in an bar cikinsa fanko, magana tana ƙetarewa. Tsakanin ɗakunan kwana a cusa audugar dutse a ciki, a ninka allo, bangon ya kai har sama, ko kuwa a yi na bulo. A toshe duk wata kafa, kada ɓera ya sami gida.

Ga yadda aikin yake. A buga layi a ƙasa, a ɗaure kwarin ƙarfe na ƙasa da na sama, a tabbatar da filam sun daidaita. Sandunan tsaye su kasance a tazarar milimita 400 ko 600, daga tsakiya zuwa tsakiya, yadda bakin kowane allo zai faɗo a kan sanda. Wayar lantarki ta bi ta cikin bututu, domin bakin ƙarfen nan yana da kaifi. Inda za a rataya talabijin ko kabad a sa katako ko ƙarfe a baya tun yanzu. Fanka kuwa a jikin ƙwarangwal ɗin rufi ake rataye ta, ba a jikin silin ba. Sukuru kowane milimita 300 a bango, a silin a matso da su kusa. Kan sukuru ya nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba. In ya yaga, ba ya riƙe komai, a sa wani kusa da shi. Kada gaɓar allo ta faɗo a kusurwar ƙofa ko taga, a yanka allon ya zagaye kusurwar, domin nan tsagewa ke fara fitowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kammalawa ita ce inda ake gane gwani. Shafi uku ne. Na farko, a cika gaɓa da foti, a kwantar da tef a kai tun da danshinsa, a matse da wuƙa har iska ta fita daga ƙarƙashi. A bari ya bushe sarai. Na biyu ya fi na farko faɗi, na uku ya fi na biyu, har ya kai wajen santimita 30, bakinsa yana sirancewa har ya ɓace a jikin allo. Shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya, domin mai kauri in ya bushe tsukewa yake yi ya tsage. A hunturu sama kan bushe ciki da saura, a watan Agusta kuma yini guda ba lalle ya isa ba. Hannu da ido za su gaya maka. Kusurwar waje a sa mata ƙarfen kusurwa. Sannan a bi da samfefa mai laushi, da takunkumi a hanci, kada a ci takardar allon.

Wani gwani da na yi aiki da shi yana da al'ada. In ya gama, sai ya jira magariba, ya rufe tagogi, ya manna tocila a jikin bango ya haska ta kwance. Duk tudu da kwarin da rana ta ɓoye sai inuwarsu ta fito. Ya bi su da fensir yana zagayewa, washegari ya gyara, sannan ya yarda a shafa fentin share fage. Ba wanda ya sa shi, maigida ma bai san yana yi ba. Na koma wani gida da ya yi bayan shekara 8, ban iya nuna inda allo ya haɗu da allo ba.

Doka ɗaya da nake roƙon kada a karya: ba a ɗaura silin, na allo ko na fi'ofin zubi, sai rufi ya sha ruwa an ga ba ya yoyo. In rani ne, a hau da tiyo a gwada. A bar ƙofar shiga saman silin don dubawa, a bar kafofin iska masu raga a gefen rufi don zafin kwano ya riƙa fita. Wanda zai cire tsohon silin asbesto kuwa ya jiƙa shi, kada ya fasa ko ya yanka, ƙurarsa tana lalata huhu.

Amana

Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Legas, mutum sama da 40 suka rasu. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, aka rasa rayuka 22. Kada mu ce mu ba mu da dogayen benaye. Ajin firamare ɗaya da rufinsa ya kwashe, ko silin da ya faɗo a kan jariri, a wurin uwarsa daidai yake da Ikoyi. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, akwai hukumar injiniyoyi ta COREN, da ta magina CORBON, da ta ingancin kaya SON. Amma babu jami'in da zai tsaya a kan kowane harsashi daga Kankiya zuwa Kusada. Mai tsayawa a wurin, kai ne da Ubangijinka.

Masu gida, ku gina daidai ƙarfinku. Ɗaki biyu masu nagarta sun fi biyar na jeka-na-yi-ka. Tayil da fitila za su iya jira har baɗi. Harsashi da ɗamara ba a komawa a sake su. In magini ya ce buhu goma, kada ku ce ya lallaɓa da shida, sannan ku biya shi haƙƙinsa kan lokaci. In bene za ku yi, ku nemi injiniya mai rajista ya yi lissafi.

Masu sana'a, ku iya cewa a'a. Aikin da kuka san zai cuci mutum, barinsa ya fi kuɗinsa albarka.

Matasa, da yawa daga gwanayen silin da ake ji da su a biranenmu daga Togo da Binin suke zuwa, kuma da haƙuri da tsabtar aiki suka sami wannan suna. Hannunku bai gaza nasu ba. Ga kwalejojin fasaha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga dattawan nan a gabanku. Ku koyi karanta zane, ku koyi awo, ku zauna a gaban gwani har hannu ya faɗa. Kuma kada ku raina ƙasa. A Dandaji ta Nijar, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci da bulon jar ƙasa da aka matse a inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu. Jar ƙasa ba ta yi mana ƙaranci a nan ba.

Ina roƙon iyayen ƙasa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a mu ɗauki al'ada ɗaya, wadda ba ta cin ko kwabo: kada a rufe sai an gani. Wuri huɗu ne. Kafin a binne harsashi. Kafin a zuba kankare a kan rodi. Kafin a buga kwano a kan ƙwarangwal. Kafin a rufe silin ko bangon allo. A kowanne a dakata, a kira maigida da wani dattijon sana'a da ba shi ya yi aikin ba, su duba, a ɗauki hoto da waya a ajiye. Gwani ba ya jin tsoron a ga aikinsa tsirara.

Mutumin da na ba ku labarinsa da farko ya sake rufinsa. Ranar zubin ɗamara shi da kansa ya hau tsani, ya ƙirga ƙarafan ɗauri ɗaya bayan ɗaya kafin ya ce a zuba. Silin da ya yi a karo na biyu shafaffe ne, hawa ɗaya, babu ado. Ya ce da ni yanzu in hadari ya taso cikin dare, yakan yi addu'a ya gyara kwanciya ya ci gaba da barcinsa. Wannan barcin shi ne abin da muke sayar wa mutane, ya 'yan'uwana magina. Mu ba su shi cikakke.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya tsare gidajenmu da makarantunmu da masallatanmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.